Bitar otal, horon Amurka ko zama da babba a asibiti: wanne ne zai gyara bakin ma'aikacin lafiya?

Akwai tambayoyin da ba a koyar da su a makarantar kiwon lafiya ta Jahun, ba a koyar da su a ta Dambatta ko ta Birnin Kudu, amma kullum suna fita daga bakinmu a ɗakin awo. "'Ya'ya nawa gare ki da har za ki ce kin gaji?" "Ke da ko aure ba ki yi ba, me ya haɗa ki da wannan ciwon?" "Baba, a shekarunka ɗin nan har yanzu kana wannan magana?" Ba ɗaya daga cikinsu da ke cikin takardar ƙa'idar aiki. Daga gida muka taho da su, muka sa musu farin kaya. Wadda aka yi wa irin wannan tambaya ba ta yin musu. Za ta ce "to, Malama", ta ɗaure kati a bakin zane, ran kasuwar Gujungu ko Wudil ta tsaya gaban mai lasifika ta sayi abin da ya ce ta saya.

Ba zargi ba ne, an auna. Binciken da aka yi ƙarƙashin NURHI, shirin lafiyar haihuwa na biranen Najeriya, a birane shida, har da Kaduna da Zariya, ya gano ma'aikata da yawa suna gindaya sharuɗɗan kansu kafin su ba da maganin tazarar haihuwa: shekaru, yawan 'ya'ya, aure. A 2019 mujallar Lancet ta buga wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya a Najeriya da Gana da Gini da Myanmar, inda fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan suka gamu da wulaƙanci a ɗakin haihuwa, kuma ƙananan mata da marasa boko ne suka fi shan sa. Ɗora wannan a kan ƙidayar lafiya ta 2018, wadda ta nuna macen Jigawa tana haihuwa kimanin 7.1, ta Kano 6.5. Matar da za ta zo hannunmu sau bakwai, in muka kore ta da baki a zuwan farko, sauran shidan a ɗaki za ta yi su.

Don haka incaji ko kodinetar lafiyar mata ta ƙaramar hukuma, ko ungozomar da ke son gyara aikinta da kuɗin aljihunta, tana buƙatar sanin wane horo ne ke taɓa wannan wuri. Kafin zaɓe, a rarrabe ciwon, domin ba ɗaya ba ne. Wani kunya ce ke damun sa: ba zai iya furta sunan gaɓar ba, sai ya rubuta maganin ciwon sanyi bai tambayi komai ba. Wata kuma ba ta jin kunya ko kaɗan, hukunci ne ya yi mata yawa, ta riga ta yanke wa mai zuwa shari'a tun daga bakin ƙofa. Na uku ba mugu ba ne, gajiya ce ta mai da tsawa ɗabi'arsa. Horon da ke warkar da ɗaya ba lallai ya taɓa ɗayan ba.

A Amurka aka fara ware wa matsalar horo na kanta. A ƙarshen shekarun 1960 wasu limaman cocin Glide a San Francisco, cikinsu akwai Ted McIlvenna, suka kafa cibiyar da ta ƙirƙiro abin da ake kira SAR, wato zaman sake duba ra'ayin mutum game da jima'i. Farkon shekarun 1970 Jami'ar Minnesota ta shigar da shi karatun ɗaliban likitanci. Yau ƙungiyar AASECT ta masu koyarwa da ba da shawara kan jima'i a Amurka, wadda aka kafa a 1967, ba ta ba mutum shaidar ƙwarewa a wannan fanni sai ya zauna aƙalla sa'o'i 14 a irin wannan horo. Babu jarrabawa, babu haddace darasi. Ana nuna wa mahalarta finafinai, wasu tsirara ƙarara, ana kawo mutane su ba da labarin rayuwarsu, sannan a rarrabu ƙungiya-ƙungiya. Mai jagorantar zaman ba ya tambayar abin da ka koya. Tambayarsa ita ce me ka ji a jikinka: ƙyama, tsoro, dariya, fushi? Hujjarsu ita ce gara mutum ya firgita a ɗakin horo da ya firgita gaban majinyaci.

Ba sai an ja zance ba, wannan a yadda yake ba na Ringim ko Rano ba ne. Kallon tsiraici haramun ne a wurin mafi yawanmu, kuma wanda ya tara mutane ya haska musu shi a Kano ko Jigawa, da hukuma zai kwana. Wasu batutuwan da ake tattaunawa, kamar auren jinsi, dokar ƙasa ta 2014 ta hana su. Kuɗin da dala ake biya, ko ta intanet za ka yi. Takardar kuma ba ta cikin abin da hukumar nas-nas da ungozomomi ko hukumar ma'aikatan lafiya na matakin farko ke nema wajen sabunta lasisi. Wanda zai ci moriyarsa shi ne likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya da ke shirin neman shaidar ƙasar waje. Abu ɗaya dai ya cancanci a ara daga gare su, kuma babba ne: sun gane cewa fuska tana riga baki magana. Kafin ka ce uffan, majinyaciya ta riga ta ga yadda ka ɗaga gira, ta ga ka ja kujera baya.

Wanda muka fi gani a nan shi ne bitar da ake kira VCAT, ta tantance aƙidar mutum da gyara halinsa ga masu zuwa. Tushenta na malaman makaranta ne, daga aikin Louis Raths da abokansa a 1966. Ƙungiyar Ipas ce ta tsara ta domin ma'aikatan lafiyar mata, ta fitar da kundinta a 2008, daga baya wasu suka daidaita ta da tazarar haihuwa da lafiyar matasa da kula da masu cuta mai karya garkuwar jiki. Ba a nuna hoton komai. Da magana da tafiya a cikin ɗaki ake yin ta.

Wanda bai taɓa shiga ba zai ɗauka wasan yara ne. Ana ja layi a ƙasa, kowa ya tsaya gefe ɗaya, mai horarwa ta ce: "Duk wadda ta san wata a danginta da ta ɗauki ciki ba aure, ta tsallaka." Sai ɗaki ya yi tsit. Wata ta gyara mayafi, wata ta dubi silin. Can sai babba a cikinsu, mai furfura, ta ɗaga ƙafa ta tsallaka, sai ka ga ana bin ta ɗaya bayan ɗaya har gefen farko ya kusa zama wayam. Ba wanda ya yi wa kowa wa'azi, amma kowacce ta ga cewa "irin waɗancan yaran" da take yi wa tsawa a asibiti suna da 'yan'uwa a gidansu. Akwai kuma wasan kusurwa huɗu. Kowa ya rubuta ra'ayinsa a takarda ba suna, a cukuikuye a jefa tsakiya, ka ɗauki ta wani, ka je kusurwar da ra'ayinsa yake, ka kare shi kamar naka. Nan za ka ga wanda ya rantse ba zai taɓa sa wa mai ɗa ɗaya robar hannu ta tazarar haihuwa ba yana zufa yana kawo hujjojin da ke sa a sa mata. Akwai na labarin yarinyar da ta mutu, a bi sawu a tambaya me ya kashe ta, har a iso kan ma'aikacin da ya ce ta je ta dawo da mijinta.

Ga mai ciwon hukunci, ban san abin da ya kai wannan ba. Ƙarfinsa shi ne ba ya cewa ka bar abin da ka yi imani da shi. Yana raba maka abu biyu da ka cakuɗa: ra'ayinka a kan abin da mutum ya aikata, da haƙƙinsa a kanka yanzu da yake zubar da jini a gabanka. Dokar Penal Code da ke aiki a Arewa ba ta yarda da zubar da ciki ba sai domin ceton ran uwa, wannan a fili yake. Amma kula da wadda ta zo bayan ɓari, ko da kanta ta jawo shi, halal ne a doka kuma wajibi ne a aiki. Wankin ciki ba ya jiran a gama bincike. Ma'aikata da yawa sai a irin wannan bita suke jin wannan bambanci karon farko.

Lahaninta kuma ba kaɗan ba ne, mafi yawansa daga yadda ake shirya ta. In aka haɗa maza da mata ɗaki ɗaya, an gama, kowa zai faɗi abin da ya san ana so a ji. In incaji na zaune, ƙaramar ma'aikaciya ba za ta tsallaka layi ba ko da ƙanwarta ce abin ya shafa. In da Turanci ake yi, to da Turanci za a tuba, a koma ƙauye a ci gaba da tsawa da Hausa. Mai horarwa da bai san wurin ba yakan zo da amsarsa a aljihu, yana tura mutane zuwa gare ta, su kuwa su gane, su rufe ciki, a fita ana cewa an zo a canza mana addini. Wanda ya fita da wannan ya fi wanda bai je ba taurin kai. Sannan ga tsohuwar cutarmu: akwai 'yan bita, waɗanda sunansu ke kan kowace takardar gayyata saboda alawus, su kuwa masu zama da majinyata suna can suna riƙe da asibiti. Ko an yi komai daidai, kwana biyu ko uku ne a otal mai sanyi. Ranar Litinin za a dawo ɗakin da mata arba'in ke jira, ba ruwa a famfo, labule ɗaya ya raba ka da layi. Tun da Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta a farkon 2025, irin waɗannan bitoci ma sun ragu, ba a shirya aiki a kan jiransu.

Hanya ta uku ba ta da kwalliya ko jakar rabo: wata babba da ta iya, ta zo asibitinka ta zauna. Da izinin majinyaciya take shiga, ta koma gefe, ba ta sa baki. Bayan an sallami mutane sai a yi magana. Ga yadda mai kyau take kasancewa. Wata amarya ta zo, shekarunta ba su wuce 17 ba, kanta a ƙasa, ta ce mararta ke ciwo. Ƙaramar ma'aikaciya ta rubuta magani ta miƙa, yarinyar ta karɓa amma ba ta tashi ba, tana murza bakin hijabi, sai aka ce mata "sai kuma me?" ta ce ba komai, ta fita. Da yamma babbar ta ce:

"'Yar nan, da ta karɓi takarda ba ta tashi ba, me kika ɗauka?"

"Anti, na zaci ba ta gane yadda za ta sha ba ne."

"Ta gane. Da kin ce mata, amare da yawa suna jin zafi lokacin kwanciya, ke ma hakan ne? Da ta ɗaga miki kai, shi ke nan an buɗe."

"Anti, wallahi nauyin maganar nake ji."

"Na sani. Faɗa min ita yanzu, ni ce amaryar. Sake. To, gobe in ta dawo ke za ki fara."

Abin da babbar ta koya mata yana da asali. A 1976 Jack Annon ya tsara matakai huɗu na taimaka wa mai matsalar jima'i, na farkonsu shi ne ba wa mutum izinin magana, sai taƙaitaccen bayani, sai shawara takamaimai, sai turawa ga ƙwararre. Yawancin abin da ke zuwa ƙaramin asibiti a matakai biyun farko yake ƙarewa. Mai jego da ke tsoron kwanika, wadda aka yi wa ɗinkin yoyon fitsari tana tambayar yaushe za ta koma ɗakin miji, dattijo mai ciwon suga da ya zagaya ya zagaya bai iya cewa gabansa ya mutu ba, wadda ta yi matsin kayan mata ya ƙona ta: duk jumla ɗaya suke jira daga bakinmu. Jumlar nan kuwa ba a jin ta a lacca, sai an maimaita ta gaban wani har ta daina nauyi.

Wannan hanya ce kaɗai ke kama ciwo na uku, domin mai tsawar gajiya bai san yana yi ba sai an nuna masa a ranar da ya yi. Ita ce kuma ke ganin abin da bita ba ta gani. Wani lokaci ba halin ma'aikaciya ba ne matsalar, bencin masu jira ne ya matso kusa da taga. Wani lokaci mai yankar kati ne ke ɗaga murya yana tambayar "tazara ko awo?" gaban surukar mutum, ko mai gadi ne maƙwabcin mijin. A ƙauye kowa ya san kowa, sirri shi ne rabin magani. Shi ya sa tsarin zaunar da duk ma'aikatan asibiti, har mai shara da mai gadi, ya fi tura mutum ɗaya birni. Shirin Beyond Bias da ƙungiyar Pathfinder ta gwada a Burkina Faso da Tanzaniya da Pakistan ma bai tsaya a taron yini ɗaya ba, sai da ya haɗa shi da tattaunawar ma'aikata a kai a kai da kuma yaba wa asibitin da ya gyara.

Sai dai komai ya rataya ne a wuyan babbar. In ita ma tana ganin budurwa mai ciwon sanyi ta cancanci a kunyata ta, to abin da za ta shuka ke nan, kuma da ƙarfin girma. Sau da yawa kuma zagayen duba aiki yakan koma ƙirga rajista da duba firjin allurar rigakafi, a sa hannu a littafin baƙi a shiga mota. Wannan ba zama ba ne. Ga kuɗin mai, ga damina da ke yanke garuruwan fadamar Haɗejiya. Wanda zai zaɓi wannan hanya sai ya fara samun mutum, ba mai muƙami ba, wadda mata da kansu ke cewa "ita nake so ta duba ni".

Akwai abin da muke da shi wanda masu tsara kundin waje ba su lissafa ba, kuma ga mai ciwon kunya ya fi komai saurin aiki. Yarinyar da ta yi Ahalari a Islamiyya ta karanta hukuncin haila da janaba da bambancin maniyyi da maziyyi tun kafin ta shiga makarantar kiwon lafiya, malam na karantawa ba ya ɓoye kalma. Ummu Sulaim ta zo gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya, ta tambayi hukuncin mace in ta yi mafarki. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini. Ga ayar shayarwa shekara biyu a Baƙara, ga hanin bin diddigin mutane a Hujurat, ga hadisin suturta Musulmi. Zaman awa biyu da malama ko malamin da ya san fiƙihu kuma ya san asibiti yakan kwance wa ma'aikaci harshe fiye da kwana uku na allon majigi. A lura dai da wanda za a gayyato. In zaman ya juye wa'azin lalacewar 'yan matan zamani, mai hukunci zai fita da sabon makami.

Kwasa-kwasan intanet kuwa, irin na lafiyar matasa da gidauniyar GFMER ta Janeba ke yi, suna ƙara ilimi, suna da sauƙin kuɗi, kuma suna gyara kuskuren sani, misali zaton cewa allurar wata uku tana hana haihuwa har abada. Amma waya ba ta ganin fuskarka. Mutum zai ci jarrabawa da maki mai kyau, halinsa na nan inda yake.

Ga incajin da aka ba gurbi ɗaya a bita, shawarata ita ce kada ta je da kanta, kada kuma ta tura mai laushin hali don ta fi sauƙin aike. Ta tura wadda ta fi zama da majinyata, ko da ita ce mai zafin baki, ta kuma tambayi masu shiryawa kafin ta amsa: da wane harshe za a yi, za a raba maza da mata, kuma wa zai biyo baya bayan wata ɗaya? In amsar ta ƙarshe babu kowa, ita ce za ta zama mai biyo bayan, ta ware rabin awa duk mako bayan an tashi daga awo, a kawo labarin majinyaci ɗaya ba suna, a tambayi juna me aka ji kafin me aka yi. Kodinetar da ke da ɗan kuɗi kuma tana tsakanin kama ɗakin taro da zuba wa babur mai, ta zuba man. Bita mai kyau tana girgiza mutum, amma a asibiti ake sake hali, kuma tun da tsarin raba aiki na 2014 ya ba ma'aikatan matakin farko damar yin allura da sa robar hannu, su ne mace ke fara gani, su ne kuma bita ta fi tsallakewa.

Wuri ɗaya ne zaman 'yan'uwa a asibiti bai isa ba, wato fyaɗe. Nan son zuciyar ma'aikaci yana cinye lokacin da ba ya dawowa. Maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki sai cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120, ga rubuta abin da aka gani yadda kotu za ta karɓa. Wanda ya tsaya tambayar yarinya me ya kai ta shagon, ko ya biye wa dangi a rufe maganar a gaban mai unguwa, ya ƙone waɗannan awanni. Duk asibitin da irin wannan ke zuwa masa ya nemi a horar da mutum ɗaya horo na musamman, ya kuma rubuta lambar cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da ke asibitin Murtala a Kano, ko ta babban asibitin Dutse, a manna a bango inda mai aikin dare zai gani.